Ɗingishin Yarima Idwal

Da sunan Wanda ya jera ƙashi bisa ƙashi, ya lulluɓe shi da tsoka, ya busa masa rai, ya ce tashi ka nemi abincinka. Ya ku na zaune, ku gyara zama. Ya ku na tsaye, ku sami wuri. Ni ne Ɓaidu ɗan Gagare, maɗori jikan maɗori, wanda ya bar garinsu da baƙin gemu ya komo da fari. Na ga ƙasashe, na haye ruwaye, na ci abin da in na faɗa muku sai kun tofar da yawu. Amma yau ba dariya na kawo muku ba. Labarin wata ƙafa zan ba ku, wadda na ɗora a tsibirin Birtaniya, can ƙarshen duniya ta wajen arewa.

Ba talauci ya fitar da ni gida ba, kwaɗayin sani ne. Na ji fatake suna cewa bayan hamada akwai maɗora waɗanda suka san sunan kowane ƙashi a jikin ɗan Adam, na ce in haka ne ban ga ta zama ba. Na bi ayari na haye rairayi, na zauna biranen bakin teku ina wanke wa masana tsumma ina satar sani da ido. Daga nan tsautsayi ya sa ni cikin jirgin ruwa, 'yan fashin teku suka tare mu, wasu jajayen ƙarti masu gashi kamar an ƙunsa musu lalle. Suka ɗaure ni hannu baya, suka jefa ni ƙarƙashin jirgi. Ba su san wanda suka ɗaure ba. Ranar da na ji cikin jirgin ya gogi yashi, na gocar da kafaɗata da kaina, na zame igiyar, na buga kafaɗar a jikin katako ta koma wurinta, na faɗa ruwa. Kai, ruwan nan! Ban san sanyi yana da haƙora ba sai ran nan.

Ƙasar da na fita gare ta, in ba ka gani ba, ba ka yarda. Rabin shekara rana takan ƙi faɗuwa har ka gaji da jiran magariba, rabin shekara kuma sai ta leƙo kawai ta koma. Ruwan samansu wani lokaci fari yake saukowa, ba ƙara, ya rufe gonaki har ƙugu. Na kwana a gidan da aka yi wa azara da haƙarƙarin kifi. Abincinsu kuwa, Allah na tuba, ba yaji ba daddawa. Mutanen ƙauye suka yi ta goga mini hannu da yawu ko baƙin zai fita, na ƙyale su har suka gaji. Na ɗora wa wani makiyayi hannu, na ɗora wa wani maƙeri haƙarƙari, harshensu ya zauna a bakina a karkace, sunana ya yi ta tafiya har ya shiga fadar ƙasar Garwen.

Na tarar da fadar nan tana cikin wani hali. Sarkinsu ya fita farauta da ƙanensa Madok, aka komo da shi a kan makara, ba wanda ya iya buɗe baki ya tambaya. Ɗansa tilo, Yarima Idwal, yana bakin iyaka a lokacin. Garin gaggawar dawowa doki ya faɗi da shi, ƙwaurinsa ya karye, mutanen Sarkin Tarmon, abokin gabarsu, suka tsince shi. Sarkin Tarmon ya kulle shi, ya ce fansarsa ita ce dukan kwarin da Garwen ke dafa gishiri. Madok ya hau gadon sarauta da sunan riƙo, kullum yana cewa ana shawara.

Suna da wata al'ada wadda dole in faɗa muku, don a kanta komai ya rataya. A wurinsu mai naƙasa ba ya sarauta. Yatsa ɗaya ya guntule, ido ɗaya ya tsiyaye, ko ɗingishi komai ƙanƙantarsa, shi ke nan ka fita layi, ko da kai kaɗai uban ya haifa.

Wata hantsi uwar Yarima, Sarauniya Morwen, ta aika aka kira ni. Na same ta tana kaɗin ulu, doguwar tsohuwa mai furfura, idanunta sun faɗa. Ta kori kuyanginta, ta dube ni.

Ta ce, "Baƙo, an ce hannunka ba ya kuskure."

Na ce, "Ranki ya daɗe, Allah ke ɗorawa, ni kara kawai nake riƙewa."

Ta ce, "To, so nake ka yi kuskure. Ka je Tarmon ka ɗora ƙafar ɗana a karkace."

Na ce, "Subhanallahi! Ranki ya daɗe, ke fa kika haife shi."

Ta ce, "Don haka na kira ka. Muddin yana da ƙafa biyu, Madok ba zai fanshe shi ba, in ma ya fito ba zai bar shi ya kwana da rai ba. Amma gurgu ba ya tsorata kowa. Fansarsa za ta yi araha, baffansa zai biya don a yabe shi. Na binne mijina, baƙo. Ba na son sarki, ɗana nake so, ko da jan gindi zai shigo ɗakin nan."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ɗauki jakata na kama hanya.

Inda aka tsare Yarima wata hasumiya ce bisa dutse a tsakiyar teku. Abin mamaki, kullum tekun yakan janye da kansa ya bar hanyar yashi, ka taka da ƙafa ka isa, sa'an nan ya komo ya rufe. Sarkin Tarmon ya bar ni na shiga don ƙafar ta kumbura, gawa kuwa ba ta kawo fansa. Amma ya ce wanda ya shiga ba ya fita sai ranar da aka biya. Na ce na ji.

Na zaci zan tarar da mai kuka, sai na tarar da saurayi mai faɗin ƙirji, kwance bisa ciyawa yana jifan tsuntsayen teku da ɓawon gurasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, kai ne mala'ikan mutuwa, ko kuwa rana ce ta fi ƙaunarka da mu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, miƙo ƙafar, ka bar bakin ya huta."

Da na taɓa sai na ji ƙashin ya riga ya fara kamawa a goce. Wato in na naɗe hannuna na zauna, aikin da uwarsa ta aiko ni ya gama kansa. Ban iya ɓoye masa ba, na faɗa masa duk abin da ta ce. Dariyar nan ta ɗauke.

Can ya ce, "Inna ta yi gaskiya a kan baffana. Amma Baba, ubana ya fita farauta lafiya lau, aka komo da shi da rami a baya. Kana so in zauna a ƙofar wanda ya yi wannan, ina karɓar gurasa daga hannunsa ina cewa na gode?"

Na ce, "Mai karɓar gurasa dai da ransa yake karɓa."

Sai ya ba ni labarin Dutsen Sawu. Duk shekara in tumaki suka fara haihuwa, dattawan Garwen sukan taru a wani dutse mai alamar tafin ƙafa. Ba a zuwa wurin da ƙarfe, ko allura. Duk jinin sarauta da ya tsaya a sawun nan ba takalmi, aka duba jikinsa ba naƙasa, ya zama sarki, daga ranar kuma jininsa yana wuyan kowace zuriya, wanda ya taɓa shi ya taɓa ƙasa duka. Kafin ranar kuwa, mutum ne kamar kowa.

Ya ce, "Ka miƙar mini da ita, sa'an nan ka koya mini ɗingishi. In yi ta jan ƙafa har ranar Dutse, ran nan in yar da sanda."

Na yi masa faɗa, na yi masa magiya, na ce yaro kana wasa da wuta. Ya kafe. Ni kuma, gidanmu tun kakan kakana ba a taɓa barin ƙashi a karkace da gangan ba, hannuna ma ba zai yarda ba. Na ba shi fata ya ciza, na sake karya ƙwaurin, na ja, na daidaita, na jera kara na ɗaure. Ya suma ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, a garinku haka kuke gaisawa da baƙo?"

Muka cinye lokacin sanyi a hasumiyar nan, ni da shi. Ƙashi ya kama sumul. Sai koyon ɗingishi, wanda ya fi ɗorin wuya, don mai ɗingishin ƙarya yakan manta da kansa in ya ji daɗi. Na sa masa tsakuwa a takalmi, na ɗaure masa gwiwa da tsirkiya a ƙarƙashin wando, na yi ta ƙwala masa kara a duk lokacin da ya taka daidai. Shi kuma yana kwaikwayon yadda nake karya harshensu har masu gadi su riƙe ciki. In sanyi ya kama ni sai ya lulluɓa mini bargonsa ya ce shi zafi yake ji, alhali haƙoransa na kaɗawa. Ni ban taɓa haihuwa ba. Wallahi na so yaron nan kamar daga cikina ya fito.

Madok ya aiko wani bafadensa ya duba ko da gaske ne Yarima ya gurgunce. Na sami ruɓaɓɓen kifi da kitsen rago da ciyawar teku, na kirɓa, na lafta a ƙafar na naɗe. Bafaden nan ya tako da rigarsa mai ado, wari ya mare shi tun daga matakala. Ya toshe hanci daga bakin ƙofa, Idwal ya ja ƙafa ya nufo shi yana cewa, "Matso mana ka taɓa, ka gaya wa baffana!" Mutumin ya ranta a na kare. Sarkin Tarmon da ya ji labari ya yi ta zage-zage, ya ce an bar shi da kayan da ba mai saye. Ya sauke fansa daga kwarin gishiri zuwa garken fararen shanu da akushin zinariya. Nan da nan Madok ya ce ya yarda.

Aka sa rana a mashigin kogin Derwa, iyakar ƙasashen biyu, saura 'yan kwanaki a taru a Dutse. Nan ma da tasu al'adar. Shanu akan fara korawa su haye. Amma kaya na ƙarshe, uwar wanda aka kama ita za ta ɗauka da hannunta, ta shiga ruwa ita kaɗai zuwa tsakiya, ɗanta kuma ya taso daga ɗaya gaɓar su haɗu. Duk namijin da ya sa ƙafa a ruwan da makami a jikinsa ya warware sulhu, yaƙi ya tashi ke nan.

Ƙanƙarar duwatsu ta narke a makon, kogin ya cika yana gudu da itatuwa. Ina tsaye a gaɓar Tarmon, na hango Madok bisa doki a wancan gefe, jama'a maƙil a bayansa. Shanu suka haye da ƙyar. Sarauniya Morwen ta shigo da akushi a ƙirji, doguwar rigarta ta ulu ta sha ruwa tana janta. Idwal ya shiga da sandarsa, yana ɗingishi mai kyau, irin wanda ko ni sai in rantse gurgu ne. Na ce a raina, alhamdu lillahi, mun sha.

Sai ƙafarta ta zame. Akushin ya tafi, ita ma ta tafi, furfurarta kawai ake gani tana juyawa a ruwa. Mazan gaɓa biyu suka yi cirko-cirko, kowa da takobi a ƙugu, wannan na kokawa da ɗamara, wancan na duban ubangidansa.

Na ƙwala ihu, "Yarima, sandarka! Riƙe sandarka!"

Ina! Ya riga ya yar. Na ji tsirkiyar gwiwar ta tsinke. Ya keta ruwan nan da gudu, ya yi tsalle daga dutse zuwa dutse, ya faɗa, ya cafko ta, ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita da ita gaɓar Garwen. Ya tsaya a gaban dubban mutane bisa ƙafafu biyu miƙaƙƙu.

Sa'an nan talakawa suka ɓarke da sowa. Na yar da wuƙar aikina na haye, ruwa har wuya. Na iso daidai lokacin da ta amayar da ruwa ta buɗe ido. Ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙafafunsa, ta juya ta dubi Madok. Ita ba ta san komai ba sai a lokacin. Ban taɓa ganin tsoro irin wanda na gani a fuskar matar nan ba. Ta shiga dukan ƙirjinsa da hannu biyu tana cewa, "Me ka yi? Wayyo ni, me ka yi? Faɗi ƙasa! Faɗi, ka ce ciwo!"

Ya riƙe hannuwanta ya ce, "Inna, an riga an gani."

Madok ya sauko daga doki da hawaye shaɓe-shaɓe, ya rungume shi, ya ce wannan ikon Allah ne, ya ce a busa ƙaho. Ya sa aka naɗe Sarauniya a bargo aka ɗora ta a keken shanu zuwa ƙauye mafi kusa don ta ji ɗumin wuta. Ya ba Idwal dokinsa na hawa.

Na kama linzamin na ce a hankali, "Ɗana, mu koma hasumiya. Kurkuku ya fi nan."

Ya nuna mini gaɓar Tarmon, inda sarkinsu ke ta kumfar baki an cuce shi. Ya ce, "Can ma yanka ni za a yi, Baba. Kwana kaɗan ya rage. Ka dai tsaya kusa da ni, ba za su yi a gaban baƙo mai baki irin naka ba."

Muka kama hanyar daji da la'asar, hannuna a kan likkafarsa. Hanyar ta matse, talakawa suka koma baya, dakarun Madok suka kewaye mu. Ba mu yi nisa ba sai ihu ya tashi a baya, ana cewa wani ya faɗo daga doki, ƙashi ya fito waje, ina maɗori. Na yi kamar ban ji ba. Ihun ya ƙaru. A gidanmu maɗori ba ya wuce karaya, rantsuwa ce ake yi tun ranar da aka fara ba ka kara.

Idwal ya ce, "Je ka mana, Baba. Zan ja linzami, a hankali za mu tafi."

Na koma da gudu. Na tarar da wani badakare magidanci a zaune gefen hanya, damtsensa a karye. Na ɗora yatsuna a wurin. Faɗuwa ba ta karya ƙashi haka. Ga shatar kulki a fata, ga shatar yatsun waɗanda suka danne shi. Na dube shi, ya fashe da kuka ya ce, "Su suka riƙe ni. Cewa suka yi ko hannuna ko 'ya'yana."

Na ɗaure masa ɗauri ɗaya na zura. Ban san tsoho na iya gudu haka ba. Na faɗi, na tashi, ƙaya ta yage mini fuska, ina kiran sunansa ba ko ranka ya daɗe. Na iske su a wani fili sun yi da'ira, kowa ya cire hula. Dokin yana gefe yana cin ciyawa. Suka ce aladen daji ne ya fito. Na ture su na durƙusa inda Idwal yake kwance, na juya shi. Raunin a baya yake, siriri, tsakanin kafaɗu. Jikinsa da ɗumi, rigarsa ma ba ta bushe daga ruwan kogi ba. Madok yana tsaye a kaina yana share ido. Na yi kuka a wurin nan kamar mace, ban ji kunyar kowa ba.

Kashegari da safe aka shimfiɗe shi a majami'arsu. Sarauniya Morwen ta ce kowa ya fita sai ni. Na tsaya ina jiran ta tsine mini, da ma ta yi, da na fi samun sauƙi. Sai ta je wajen ƙafafunsa ta yaye mayafin.

Ta ce, "Wacce ce?"

Na ce, "Ta hagu, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Nuna mini wurin."

Na sa yatsu na bi ƙwaurin daga gwiwa zuwa idon sawu, na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Ni da na karya, ni da na ɗora, na kasa gane wurin. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ban sake ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ka ga gudun da ya yi jiya? Ko yana yaro bai taɓa irinsa ba." Sa'an nan ta ce, "Wa ya aike shi? Ni tsohuwa ce, ruwan ya ishe ni. Da ya tsaya da sandarsa, da jibi yana kan Dutse."

Na ce, "Ranki ya daɗe, da ya tsaya, da ba shi ba ne."

Ta ce in bar ƙasar kafin rana ta yi tsaka, don na ga raunin, Madok kuma ya ga na gani. Sa'an nan ta zauna a ƙarshen makarar, ta jawo ƙafafun nan biyu ta ɗora a cinyarta, ta lulluɓe su da gefen rigarta tana murzawa.

Ta ce, "Sun yi sanyi, baƙo. Tun yana goye ba ya iya barci in ƙafarsa da sanyi."

A haka na bar ta. Ina kan tudu a hanyar teku, kwana biyu bayan nan, na jiyo ana busa wa Madok ƙahon sarauta daga wajen Dutse.

Iyakar abin da na gani ke nan, ya ku jama'a. Mai tashi ya tashi, Allah ya kai kowa gida lafiya. Ni ku bar ni in ɗan zauna tukuna.